Don Nicasio da Ƙwan Kazar da Ke Aljihunsa

"Ba zan zuba ba."

Abin da Don Nicasio Lincopán ya faɗa wa Injiniya Bertolotti ke nan, shekara goma sha tara da suka wuce, a bakin Babban Tafki. Gwangwanaye goma sha biyu na jere a bayan mota, leburori na tsaye sun kasa kunne. A lokacin shi ne shugaban leburorin kamfanin gishiri na garinmu.

"Ban ji ba," in ji injiniya.

"Iska ce ta yi yawa, ranka ya daɗe. Cewa na yi ba zan zuba ba."

"Ƙwai ne fa, tsoho, ba guba ba. Daga ƙasar waje aka kawo shi. Ya fi naku saurin girma, ya fi shi yawan haihuwa. Masu kiwon kifi rububinsa suke yi."

"To ai abin tsoron ke nan. In ya fi namu sauri, namu ina zai zauna?"

"Ƙwaro ai ƙwaro ne!"

"Haka ne. Ni da kai ma duk mutane ne, amma in ka tare a ɗakina, waje zan kwana."

Leburori suka yi dariya, injiniya bai yi ba.

Rigimar a kan jan ƙwaro ce, ɗan jatan-landen nan na ruwan gishiri da bai kai tsawon farce ba, mai iyo a rigingine, wanda littafi ke kira Artemiya. Ƙwansa kamar garin ƙasa yake, iska ke tara shi a gaɓa. In ya bushe sai ya shekara da shekaru bai mutu ba, in aka jiƙa shi kwana ɗaya sai ya ƙyanƙyashe, a ciyar da 'ya'yan kifi. Tafkunanmu suna da nasu irin tun kafin kakanninmu, kamfani kuwa baƙon iri yake so. A ranar nan injiniya ya zuba gwangwanayen da hannunsa. Kafin Juma'a an karɓi makullan Don Nicasio. Kafin shekara uku baƙon iri ya cinye Babban Tafki.

Da wani ne, da sai ya zauna a ƙofar gida yana ba da labarin zaluncin da aka yi masa. Shi bai iya zama ba. Bayan tuddan rairayi akwai wani ɗan tafki da muke kira La Petisa, wato Gajeriya, wanda kamfani ya raina don gishirinsa bai taka kara ya karya ba. Irin namu na ciki. Can ya koma.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san fitarsa. Da sassafe ya kurɓi shayin mate a tsaye, ya hau keke, ya doshi iska kilomita tara, shebur ɗaure a baya, ɗanyen ƙwan kaza cikin safa a aljihu. In ya isa sai ya saki ƙwan a ruwa. In abin da ya leƙo sama ya fi faɗin kwabo, gishiri ya yi yawa, kuma ruwa mai kauri da ɗumi shi baƙon ke so. Sai ya buɗe 'yar hanyar da ya haƙa daga idon ruwa, ruwan daɗi ya shigo. In ƙwan ya fara nutsewa sai ya toshe, don in ruwa ya salance wasu ƙwari za su shigo su cinye namu. Ba shi da ikon hana tsuntsayen filamingo tasowa daga Babban Tafki da ƙwan baƙo a ƙafafunsu. Abin da ya iya shi ne ya riƙe ruwan yadda baƙo ba zai ji daɗin zama ba. Da rana ya yi ɗan aikin gyaran shinge a gonakin mutane, da la'asar ya sake komawa.

"Ƙwan da zan soya wa yara," in ji matarsa Doña Herminia, "shi yake kai wa wanka kullum. Ni kam ban taɓa ganin ƙwai mai gata irin wannan ba."

Fermín direban babbar mota, abokinsa tun ƙuruciya, ba ya wuce shi a hanya bai danna oda ba. "Gwamnan ƙwari! Yaya talakawanka? Sun biya haraji kuwa?"

"Sun fi ka wanka dai," in ji Don Nicasio, bai daina tuƙi ba.

Amma Fermín ɗin nan shi ya ba ni labarin shekarar fari, kuma da ya zo tsakiya sai muryarsa ta sauya. Idon ruwa ya ja baya, gaɓar La Petisa ta fara yin fari. Kwana arba'in Don Nicasio yana zurfafa hanyar ruwa shi kaɗai, gishiri ya tsattsage masa hannuwa har ba ya iya riƙe cokali. Mai gonar da idon ruwan ke ciki ya ce zai juya ruwan ga shanunsa. Don Nicasio bai yi faɗa ba. Ya gina wa shanun kwamin shan ruwa da duwatsun da ya ɗebo a keke, ya roƙi a bar masa abin da ya malalo. Abin da ya malalo ɗin ya riƙe tafkin har aka yi ruwan sama.

Kai ne ka ajiye bokiti da burushi a ƙofar shinge, Don Nicasio, ka ce ba wanda zai taka gaɓar nan sai ya wanke takalmi, don ƙwai ɗaya a laka ya isa ɓarna. Kai ne ka sa limamin coci ya tuɓe takalmi a sanyin watan Yuli, tsakiyar hunturun ƙasarmu. Kai ne ka tsayar da wani farfesa daga birni da ya zo da ragarsa daga Babban Tafki, ka ce ragar nan ba za ta shiga ba, ko da takardar shugaban ƙasa ya zo. Ƙi-zama na Herminia, mai ƙwai a aljihu.

Ni 'yar garin nan ce, uwata Zulema buhunan gishiri ta ɗinka har ta kai ni jami'a. Da na ce a kan La Petisa zan yi bincikena, malamai suka yi murmushi. Wai tsohon lebura da ƙwan kaza ba za su tare abin da tsuntsu ke ɗaukowa ba, irin ya riga ya gauraye. Na ɗebi ƙwari ɗari biyu daga kowane tafki, na duba ƙwayoyin halittarsu ɗaya bayan ɗaya. A Babban Tafki ban sami namu ko ɗaya ba. A La Petisa ban sami baƙo ko ɗaya ba.

Na kai masa labari a guje. Yana cikin ruwa har gwiwa.

"Baba Nicasio, ɗari biyu cif, duk namu ne!"

"Wata nawa kika yi kina dubawa, 'yar Zulema?"

"Bakwai."

"Da kin tambaye ni, da kin huta. Kin wanke takalminki?"

Yanzu masu ƙyanƙyasar kifi na yankin sanyi su ke zuwa neman ƙwan La Petisa, don ɗansa ƙarami ne, yana shiga bakin ɗan kifi, kuma sanyi ba ya kashe shi. Don Nicasio gaɓa ɗaya kawai yake yarda a tace, sauran na tafki ne da tsuntsaye. Da rahoton bincike ya fito, a can ƙasa an rubuta godiya ga "mazauna yankin". Ba mazauna yanki ba ne. Mutum ɗaya ne, sunansa Nicasio Lincopán, kuma na rubuta shi a nan don a karanta.

Bana ya cika saba'in da ɗaya. Gwiwoyi sun ƙi, likita ya hana shi keke, Doña Herminia ta sa wa keken kwaɗo ta ɓoye makulli. Jiya na same shi yana kai da komo a tsakar gida, yana ɗaga hanci sama.

"Iskar arewa ce, kwana uku ke nan. Ruwa zai yi kauri. Wa ya je?"

"Fermín ya je."

"Fermín? Wannan ai sai ya dafa ƙwan ya cinye!"

Mun kafa takardar masu zuwa duba tafki a ƙofar shagon burodi, kwana bakwai, suna bakwai. Huɗu sun sa hannu. Saura uku, kuma iskar arewa ba ta jiran kowa. Ku matasan garin nan da kuka girma kuna yi masa dariya, aikin ba ya bukatar digiri. Keke ne, da shebur, da ƙwai, da zuwa kullum.

Mun gode, Don Nicasio. Mun gode, Doña Herminia, ke da kika biya rabi ba a tambaye ki ba.

Kada kuma wani ya ɗauka kyauta aka yi. Kalma huɗun nan da ya faɗa a bakin Babban Tafki sun ci masa aikinsa. Sun ci gidan kamfani mai ɗaki huɗu, iyalinsa suka koma ɗaki biyu na kwano. Sun ci fanshon shugaban leburori da saura shekara shida ya samu. Babban ɗansa ya bar makaranta ya tafi aikin rijiyoyin mai a kudu, har yau bai cika kiran waya ba. Yatsunsa uku ba sa lanƙwasuwa. Tafkin kuma ba nasa ba ne, ko taku ɗaya.