Zanen Zejnil a Bayan Ƙofar Kicin

Zejnil ba ya shiga ƙarƙashin kowane rufi sai ya ƙwanƙwasa shi da kan sandarsa, ya karkata kai ya saurara. Har a masallaci ya taɓa yi. Shekara talatin muna haƙar dalma da azurfa tare a dutsen bayan garinmu, can sama da kogin Drina, kuma nan ya koyi abin. Dutse mai lafiya amonsa tas yake. Mai shirin ruftawa kuwa sai ya amsa kamar tulun da ba ruwa.

Ranar hutu yakan bi tsofaffin ramukan da aka bari, na Rumawa, da na Jamusawan da, da na zamanin Turkawa. In ya dawo sai ya zana hanyar da fensir a bayan ƙofar kicin.

"Tsoho," in ji matarsa Fadila, "mazan mutane na kawo nama, kai ramuka kake kawo mini."

"Zuba gahawa, uwargida. Ƙofar nan dai kada ki wanke ta."

A shekarar casa'in da biyu yaƙi ya ɓarke, harsashin igwa ya fara sauka a unguwarmu. Kowa ya ce a fake a babban ramin kamfani, tunda yana da faɗi. Muka kwashi mata da tsofaffi muka je. Zejnil ya ƙwanƙwasa sau biyu.

"Ba nan ba," ya ce.

Na ce, "Haba maƙwabci, mu muka kafa katakon tokarar nan da hannunmu."

"Shi ya sa. Na tuna ranar, sauri kake yi ka tafi biki."

Ya ja mu zuwa ramin Rumawa, matsattse, sai an sunkuya. Mata suna ta mita. Ya shafa bangon ya ce waɗannan ba su jingina da katako ba, dutsen suka sassaƙa ya ɗauki kansa. Mu arba'in da uku muka yi kwana tara a ciki. A rana ta shida ƙasa ta girgiza ƙwarai. Da muka fito, muka wuce ta inda bakin ramin kamfani yake a da, ya rufta gaba ɗaya. Fadila dai ta miƙa wa Zejnil gahawa tun bai tambaya ba.

Akwai reshe ɗaya na ramin da ya haƙiƙance yana ɓullewa ta wancan gefen dutsen. Yana binsa kaɗan kaɗan, yana ƙara zane. Sai Yulin casa'in da biyar ya zo, garinmu ya faɗa hannun abokan gaba, maza muka bi daji da ƙafa don mu tsira. Ni na isa, Zejnil bai isa ba.

Fadila ta koma gidan bayan shekaru. Ta sa an yi wa ko'ina fenti, ban da ƙofar kicin. Layin fensirin yana nan, ya tsaya yatsa huɗu kafin sakata.