Dattawa Biyar da Zaɓen Mai Garinmu

Shekarun baya, ina da sauran ƙarfin riƙe garma, mai garinmu ya rasu. Ƙauye ne kusa da Gozaki, kuma al'adarmu dattawa biyar ne, ɗaya daga kowace unguwa, ke zaɓen wanda za a naɗa.

Mutum biyu suka nema, ɗan marigayin da ƙanen marigayin. Kusan duk gari ɗan ake so, har da ni. Amma dattawan ƙananan unguwanni uku suka tsaya wa ƙanen, shi aka naɗa.

Abokina, wanda muke iyakar gona da shi tun muna samari, ya same ni ina huɗar dawa. Ya ce, "Malam, unguwarmu ta fi gida sittin, ta maƙera ba ta kai goma ba, a ce bakinsu ɗaya da namu? A tara jama'a ƙofar masallaci, kowa ya tsaya bayan wanda yake so."

Ni kuwa lokacin gani nake duk ƙasar Katsina babu mai baki irin nawa. Na ce, "In aka koma ƙirga kawuna, wa zai sake tambayar maƙera da Fulanin ruga? Babbar unguwa ce za ta yi ta naɗi har abada."

Ya ce, "To mu yanzu wa ya tambaye mu?"

Muka yi ta yi har rana ta take. Da na ga yana neman kayar da ni, sai na ce, "Kai dai don ƙanwarka na auren ɗan marigayin ne." Ya saɓi fartanyarsa ya tafi.

Bayan kaka, ɗan marigayin ya tashi da magoya bayansa zuwa wajen Dayi, har da abokina. Ranar tafiya ya tsaya ƙofar gidana da jakunansa, ya yi sallama sau uku. Ina ciki ina ji, na ƙi fitowa.

Damina biyu tsakani fatake suka kawo labarin rasuwarsa. Da na je gaisuwa, matarsa ta ce kullum yakan ce in aiki ya yi sauƙi zai zo mu ƙarasa maganarmu.

Mai garin da aka naɗa ya yi adalci, ba na musu. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninmu ba. Abin da na sani, da na rasa hujja sai na taɓa mutuncinsa, kuma da ya zo ban kwana, ƙafata lafiya lau, na zauna.