Tafkin da ya ƙi fitowa a hoto

Wallahi abin nan da idona na gan shi. Shekarar da aka gama ƙara wa dam ɗin Rusairis tsayi ce, kafin gobarar da ta cinye kasuwar hillarmu, wato ƙauyenmu, ina da ƙarfina, ina noman kuɓewa a bakin tafkin da ke bayan gari.

Tafkin nan, tun iyayenmu da suka taso daga Sakkwato, ba mai zuwa masa kai tsaye. Sai ka yi sallama, ka ɗan jira, sannan ka tsoma tulu. Rannan da hantsi ina cikin ruwa har gwiwa, sai ga ƙaramar tayyara, jirgin sama ke nan, ta sauko ƙasa-ƙasa, ta kewaya kanmu tana ɗaukar hoto. Ba sallama, ba komai!

Bayan damina wani muhandis, wato injiniya, ya zo da hoton, ya shimfiɗa a gaban shehun hilla, mai garinmu, wai suna auna ruwan fadamu. Na kutsa cikin maza na leƙa. Ga hanya, ga masallaci, ga rufin ɗakina. Wurin tafki kuwa baƙar ƙasa ce, duk ta tsattsage.

Na ce, "Kai yaro, ina ruwanmu?"

Ya ce, "Ya Hajja, tayyara ba ta ƙarya."

"To ni ce maƙaryaciyar? Ina cikin ruwan ta wuce! Tashi mu je ka jiƙa takalminka."

Ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Ni! Da na yi goyon waɗanda suka girme shi! Shehu ya ce in yi haƙuri. Ko taku ɗaya ba su yi ba, suka rubuta busasshiyar ƙasa, aka ba wani mai tarakta ya noma riɗi.

Kafin taraktar ta iso, cikin dare ɗaya ruwan ya tafi. Ba kifi ko ɗaya a ƙasa, ba laka. Tsagar ƙasar ma, na rantse, irin ta hoton ce sak. Kuɓewata ta bushe a tsaye. Har yau in na bi ta wurin sai in ji sanyin ruwa a gwiwata.

Don haka in kun je bakin ruwan da ba naku ba, ku yi sallama. Shehu ya rasu, muhandis ban san inda ya yi ba. Cikin waɗanda suka shaida, saura ni da maƙwabciyata Inna Kulu makauniya, ku je ku tambaye ta.