Saƙon da na kai Liyon a makare

Ni na rubuta wasiƙar. Malaminmu a Damagaram ne ya faɗa, ni kuwa na riƙe alƙalami, don a cikin ɗalibansa hannuna ya fi tsabta a ajami, in aka cire ɗansa. Ɗan nan shi ke yi wa allunanmu zayyana in mun sauke. Ya tafi Faransa karatu, ya fara da zana furanni a kan alharini a garin Liyon, daga nan ya koma zanen mutane. Da labari ya zo cewa ya zana fuskar mahaifiyarsa, Turawa suna biyan kuɗi su kalla, Malam ya kira ni. Layi bakwai ne. Na ƙarshe ya ce kada ya sake kiransa uba.

Bayan shekaru masu yawa, Malam na kwance ciwon ajali, ya kama hannuna. A lokacin na fara fatauci zuwa Paris.

"Ka gaya masa na yafe. Baki da baki. Kada ka rubuta, rubutu ya yi mana ɓarna."

Sau uku na je Paris bayan rasuwar Malam, a farkon shekarun tamanin. Liyon awa biyu ce a jirgin ƙasa. Kowane zuwa sai in ce bari in gama da kaya. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, don ɗan Malam ya san rubutun hannuna.

A zuwa na huɗu muna jiran metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da Alhajin da nake sauka wurinsa a unguwar Gut-dor, sai ga hoton ɗan Malam a bango, gemu ya yi furfura.

"Ga mutumin garinku can," in ji Alhaji. "Kai kana jan buhun atamfa, shi yana kan bango." Ya matsa ya karanta, sai dariyar ta ɗauke. "Malam, wannan sanarwar baje zanensa ce a Liyon, don tunawa da shi. Ya rasu tun bazara."

Kwana biyu bayan haka na sauka Liyon. A gidan da aka baje zanensa suka ba ni takarda mai taswira, an sa lamba a wuraren da ya zauna yana saurayi. Na bi su da ƙafa. Na hau tudun masaƙa, matakala bayan matakala, ina hutawa ina istigfari. A can hanya kan shiga ta cikin gidan mutane ta fita wani titi, kamar lungunan unguwar Birni a Damagaram. Na ga gidan burodin da ya yi wa shara. Na ga masaƙar da ya fara aiki, tagoginta dogaye, babu kowa ciki. Na tsaya bakin kogi inda takardar ta ce yakan zauna yana zana masu kamun kifi. La'asar ta same ni nan, na shimfiɗa rawanina na yi salla, sanyin dutsen yana shiga goshina. Na yi ta tunanin shi kaɗai a wannan wuri, da layi bakwai ɗina a aljihunsa.

Lamba ta ƙarshe gidansa ce. Matarsa Baturiya ta buɗe, doguwa, idanunta sun faɗa. Da faransancina na kasuwa na ce daga garinsu nake. Ta riƙe hannuna da hannu biyu, ban iya janyewa ba.

Ta ce akwai abin da take so in gani. Ta kai ni ɗakin ƴarsu, wadda ke lakol, makarantar boko, a lokacin. A bango, bisa kan gadon yarinyar, cikin gilashi, ga wasiƙata.

"Ya ce addu'ar mahaifinsa ce," in ji ta. "Ba ya yarda a taɓa. Da ya rasu na kawo ta nan, ta tsare yarinyar. Malam, kana iya karantawa?"

Na ce ina iyawa. Na karanta mata bisimilla da gaisuwar da ke layin farko, na tsaya. Ƙarya ba zan yi ba, sauran kuma ba zan faɗa ba. Shi da kansa ya rufa wa ubansa asiri shekara da shekaru, ni wane ne in tona?

"Na zo da saƙo," na ce. "Mahaifinsa ya ce a gaya masa ya yarda da shi."

Ta yi murmushi. "Ai ya sani. Ga shi a rubuce."

Na roƙe ta ta ba ni takardar in mayar gida. Ta ce ita ce kaɗai abin da yarinyar ta gada daga kakanta.

Ta kwatanta mini maƙabartar. Na je, na tsuguna wajen kansa, na kira shi da sunan da muke kiransa a makaranta, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Na tambayi malamai uku tun daga lokacin ko amanar ta sauka daga wuyana. Biyu sun ce Allah mai gafara ne. Na ukun ya tambaye ni sau nawa na je Paris.