Gawa Mai Ba Da Haƙuri

An baza a garinmu cewa Glenys ta kama mijinta Wilf Ackroyd da wata mai gyaran gashi, ta rotsa masa kai da butar shayi, ta naɗe gawar a darduma, washegari kuma aka gan shi a layin soyayyen kifi da dankali yana roƙon a ƙara masa gishiri. Ƙarya ce, amma ba duka ba. Butar gaskiya ce, dardumar ma haka, kifin kuwa a gabana ya ci. Sai dai Glenys ba ta da hannu a ciki, kuma duk mai gyaran gashin da ta dubi kan Wilf ta san ba ta da aiki a wurin.

Wilf ɗan kawuna ne, tsohon direban bas. Duk mu mutanen Ingila muna da ciwo ɗaya: a taka ka, kai ne za ka ce a yi haƙuri. To, na Wilf ya fi ƙarfin asibiti. Ya taɓa karo da sandar fitila, ya ba ta haƙuri, ya tsaya jiran amsa. Ranar aurensu da fasto ya tambaye shi ko yana son Glenys, cewa ya yi, "Yi haƙuri, ina so."

Glenys kuwa mayyar wasan talabijin ce, irin wanda mata ke cin amanar miji, kafin a je talla an tsinci wani a mace. In ta zauna kallo ran Lahadi, ko Wilf ya kama da wuta sai dai ta ce ya matsa, yana kare mata. Tun da ya bar tuƙi, burinsa ɗaya ne: ya shiga akwatin nan, ko matarsa ta ɗaga ido ta dube shi.

Sai ga masu shirya irin wasan sun sauka a garinmu. A labarin, matar da kwartonta za su kashe mijin da buta. Jarumin da ke fitowa a mijin ya ce bayansa ba zai ɗauki kwanciya a ƙasa mai sanyi ba, aka shiga neman mai sanƙo irin nasa. Wa zai ja da Wilf?

Aikin ba wuya: ka kwanta, ka mutu, ka yi shiru. Aka kunna kyamara, jarumar ta tsallake shi tana kuka, ƙafarta ta ɗan gogi kafaɗarsa.

"Yi haƙuri," in ji gawa.

Darakta, wata yarinya mai suna Imogen, ta dafe goshi. "Mista Ackroyd, ka fa mutu."

"Na sani, 'yata. Yi haƙuri."

Aka sake. Kwarton ya ja shi da ƙafa, kansa ya bugi ƙafar tebur, Wilf ya ba tebur haƙuri. Aka sake, ya ba su haƙurin nauyinsa. Kafin la'asar jarumar ta ƙarar da hawayenta kaf, sai da aka aika kasuwa neman albasa. Imogen ta sa aka shigo da mutum-mutumin roba, shi ma mai sanƙo, aka zaunar da shi a kujera.

"Ka gan shi? Bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Ka ƙara buɗe baki, shi zai kwanta, kai kuma ka tafi gida."

Wilf ya dubi robar, ya hango Glenys tana kallonta ran Lahadi, tana yabon yadda ta iya mutuwa. Ya koma ya kwanta, ya cije harshe.

Wannan karon tsinin takalmin jarumar ya sauka daidai kan ɗan yatsansa, ya zauna a nan, ita tana ta rantse wa kwarton soyayya. Haƙurin ya taso masa daga ciki, ya zo maƙogwaro, ya kumbura masa wuya kamar kwaɗo. Ya haɗiye. Kwarton ya ture butar, shayi ya kwarara masa cikin kunne. Ya sake haɗiyewa. Da aka ce an gama, Wilf ya miƙe ya bi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana sauke haƙurin da ya tara, har robar sai da ya ba haƙurin ƙwace mata aiki.

Ranar da aka nuna wasan ya sa rigar coci ya zauna gefen Glenys. Aka zo wurin da ya fito. Ashe an yanke komai, sai ƙafafu biyu da suka leƙo daga cikin darduma, babban yatsa ya huda safa yana gaishe da ƙasar Ingila baki ɗaya.

Glenys ta matso kusa da akwatin, ta ƙura ido. Sannan ta juyo, a tsakiyar wasa, ta dubi mijinta tun daga sama har ƙasa.

"Wilf, ba na ce ka jefar da safar nan ba?"

Ya ce mini tun ranar biki bai ga irin wannan kallo ba.

Na same shi a wurin kifi, na ce, "Sannu, jarumi. Ina yatsan? Na ji an ce shi za a ba kyautar bana, kai sai dai ka raka shi."

Ya lashe gishirin hannunsa a natse.

"Ni wuni ɗaya na yi gawa, matata ta gane ni daga yatsa. Kai tun bara kake kwance a kujera, taka ba ta ko zo duba ko kana numfashi ba. Kuma ba zan ba ka haƙuri ba."