Kabarin da Ruwa Ya Tono a Bayan Gidanmu

Ranar wata Laraba ce cikin hunturu, shekarar da na shiga aji huɗu, aka tafka ruwa a Makka tun daga azahar har bayan la'asar. Garin bai saba da ruwa ba, in ya zo kuwa da fushi yake zuwa. Gidanmu yana can saman dutse a Nakkasa, inda mota ba ta hawa, sai matakala da lunguna. Da ruwan ya ɗauke, Umma ta aike ni bayan gida in duba ko akurkin kajinmu yana nan. Akurki dai ya tsira, amma ƙasar da ke gindin katangarmu ta zaftare, ga wani abu fari-fari kamar ƙoƙo a kife. Na durƙusa na share taɓon da hannuna, sai ga haƙora.

Ni ba matsoraciya ba ce. Ni ce mai hawa da jarkar ruwa tun daga inda tanka ke tsayawa, ni ce mai cinye yaran lungu a 'yar carafke, in an yi mini maguɗi kuma in yi dambe. Amma ran nan na runtuma cikin gida ba takalmi, na faɗa jikin Kaka, mahaifiyar Abbana. Tsohuwar nan tun tana yarinya ta taho daga Kano ta hanyar Sudan, kuma ba a taɓa juya ta daga abin da ta yi niyya ba. Ta leƙa, ta yi salati, ta ce, "Ba a barin mamaci tsirara a garin Allah." Ta buɗe akwatinta ta ɗauko likkafanin da ta tanadar wa kanta, wanda ta wanke da Zamzam kamar yadda tsofaffinmu ke yi, ta lulluɓe ƙasusuwan da shi, ta yayyafa turare, ta mayar da ƙasa da tafin hannunta. Abba yana Utaibiyya wurin tsirensa, bai ma san abin da ake ciki ba.

To, ashe makwabta sun gani daga saman rufinsu. Akwai kuma tsohon zance a unguwa: ƙanen Abba, Kawu Sale, ya ɓace shekarun baya, jim kaɗan bayan sun yi wata mummunar rigima da Abba a ƙofar gida. Washegari 'yan sanda suka hawo suna haki. Suka tona, suka tarar da ƙasusuwa cikin sabon likkafani mai ƙamshi, a bayan gidan mutumin da ɗan'uwansa ya ɓace. Kaka ta rantse ita ta sa likkafanin, babbansu ya ce ai uwa ce, dole ta rufa wa ɗanta asiri. A gabana suka tafi da Abba, ko hularsa bai ɗauka ba. A ƙasar nan kuwa ko yaro ya san hukuncin wanda ya kashe rai.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Matan da ke aro mana turmi suka daina shigowa, 'ya'yansu suka daina kirana wasa. Na tsane su, kuma ban ɓoye ba. Umma ta riƙa cewa, "Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Sai aka kawo wata mata daga jami'a, wadda aikinta nazarin tsofaffin kaburbura ne. Duktura ake kiranta. Na zaci za ta zo da manyan injuna, sai ga ta da ɗan cokalin magina da buroshi irin na masu fenti. Haushi ya kama ni ganin yadda take share ƙasa kaɗan-kaɗan kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, alhali Abbana yana tsare. Ta sa na nuna mata yadda na fara ganin kan, ta auna, ta ɗauki hotuna. Ta nuna wa 'yan sandan faffaɗan duwatsun da aka jera a kan lahadu, wato makwancin gawa a cikin kabari, da yadda ramin ya shige ƙarƙashin harsashin katangarmu, ƙasar samansa ta wannan gefen ba a taɓa motsa ta ba. Ta ce ƙugun na mace ne, haƙoran kuma sun siɗe irin na mai cin garin da aka niƙa a dutse. Ni na fassara wa Kaka daga Larabci. Kaka ta ce, "Ce mata Allah ya yi mata albarka, amma ta yi sauri."

Duktura ba ta yi saurin ba. Ta ɗauki ɗan guntun ƙashi aka kai ɗakin gwaji, muka ci gaba da jira. Da sakamako ya fito, aka ce matar ta fi ƙarni uku a kwance, wataƙila mahajjaciya ce da ajali ya riska a hanya. Washegari da hantsi aka saki Abba, ya hawo matakala, ya rame, yana cewa, "Halas, halas, ya wuce." Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ran nan ba. Na riƙe rigarsa na ƙi saki har ya zauna ya ci abinci. Kawu Sale ma daga baya ya bugo waya daga Njamena, ashe kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ne ya rutsa da shi aka fitar da shi daga ƙasar, fushi kuma ya hana shi aiko da labari.

Yanzu an rushe wancan gefen na Nakkasa, ina zaune a gidan haya a Kudai, ruwa na zuwa ta famfo, 'ya'yana ko Hausar ba sa ji sosai. In na wuce ta can nakan ɗaga kai ina neman inda gidanmu yake, ba na gane wurin. Ina kewarsa, har da makwabtan da na tsana. Hukuma ta mayar da matar maƙabarta, ba mu san sunanta ba, ba mu san garinsu ba. Amma duk Juma'a, in Abba ya gama yi wa iyayensa addu'a, sai ya ƙara da ita.