Aron Wasan Babarbare

Mun tashi da asuba, ana sallame salla direba ya danna mini ham a ƙofar gida, har maƙwabta na leƙe su ga wace irin mota ce ta kutso lungunmu na Ƙofar Guga. Ƙatuwar jif ce fara, mai sanyi a ciki. Na fito ina taku ɗai-ɗai don kowa ya gan ni, na kama murfin gaba, sai na tarar an riga ni. Wani Babarbare abokin aikina ne zaune, ya sha turare kamar ango, yana yi mini murmushi. Na koma baya na zauna kusa da buhun taswirori, kuma tun daga nan raina ya soma ɓaci.

Ku 'yan majalisarmu da kuka dame ni da tambayar ina na shiga, ga bayani. Tun da sojoji suka koma bariki, masu ba da rancen gyaran hanyoyi suka kafe a kan ba za a sauke katafila ko ɗaya ba sai an bi hanya an ga abin da aikin zai taɓa, gonaki ne, itatuwa ne, rijiyoyi ne, kasuwa ce, sannan an ji ta bakin mutanen wurin. Kamfanin da aka ba wannan nazari sana'arsa ke nan, yana bin ƙasashen da suka fito daga yaƙi ko mulkin bindiga. Ya ɗauki mu biyu na ɗan lokaci, ni da aka aro daga ma'aikata, da Babarbaren nan ɗan Maiduguri. Shugabar tawagar, wata Hajiya injiniya marar son yawan magana, ta gaya mana tun farko cewa in an gama mutum ɗaya za su riƙe dindindin, su tafi da shi wata ƙasa da yaƙi ya lalata wa hanyoyi. Ni dai ban ga abin gasa ba. Hanyar a ƙasar Katsina take, da ɗan gari kuwa akan ci gari. Har kaftani biyu na ba tela na tafiya.

Muka biya ta GRA muka ɗauki Hajiya a masaukinta, muka miƙi yamma. Ba mu yi nisa da gari ba kwalta ta ce ga garinku nan. Abin da ya rage ramuka ne da gargada, direbobi sun gaji sun buɗe tasu hanyar ta gefen gonakin mutane. Wuraren da a da sojoji ke tsare mu su sa mutum tsallen kwaɗo, yanzu sai gangunan da suka bari, awaki na kwance a inuwarsu. Hotunan 'yan takara na nan manne a jikin kukoki, ruwan damina ya wanke musu fuska, ba ka gane wanda ya ci da wanda ya faɗi. Kaka ce, an girbe gero, ko'ina dammuna jingine. A wani ƙauye muka karya da koko da ƙosai, ƙosan manya-manya, da araha irin wadda mai saye a Babbar Kasuwa zai rantse ƙarya nake. Man fetur ne kawai bai san an koma farar hula ba, yana nan a galan-galan bakin hanya, da tsadarsa.

Babarbaren nan, in faɗi gaskiya, ba ya da wani aibu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Hausarsa a karkace take, wani lokacin ya ce wa mace kai, ya ce wa namiji ke, amma ko mai ƙosai sai da ta ƙara masa gyara. Ni da na yi mata magana da Katsinanci tsantsa, ko kallo ban ishe ta ba.

Wajen hantsi muka isa ruga ta farko, inda hanyar ta ratsa wani fili mai ciyawa. Na ce wa Hajiya ta bar mini wannan. Na cire takalmi, na durƙusa gaban Arɗo, na jero gaisuwa tun daga kwana har gida, har iyali, har shanu, har gajiyar kaka, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya amsa duka cikin mutunci. Na yi bayanin cewa gwamnati ce ta turo mu jin ko gyaran hanya zai cuce su da wani abu. Da jin kalmar gwamnati sai ya gyara zama, ya ce lafiya lau, ba su da matsala, Allah ya taimaki gwamnati. Na juya tambayar ta kowace fuska, amsar dai ita ce. Ban ga laifinsa ba. Mutanen da suka saba in mota ta tsaya a ruga to ƙidayar shanu ce ko kora, ba rana ɗaya za su saki baki ba.

Muna shirin tashi hannu rabbana, sai Babarbaren ya taho daga wajen mota, ko takalmi bai cire ba. Ya tsaya a kan Arɗo ya riƙe ƙugu.

"Kai bawana, haka ake tarbar ubangida? Ina nonon shanuna da na ba ka kiwo?"

Na ce a raina yau za mu sha sanda. Arɗo ya ɗaga kai ya ƙare wa zanen fuskarsa kallo, sai ya fashe da dariya har hularsa na zamewa.

"A'a, Babarbare ne ashe. Wa ya kwance ka ka zo nan? Zauna ƙasa, bawa ba ya tsayuwa gaban mai shi."

Kun dai san wasan Fulani da Barebari, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. To ni ma na sani, amma ban taɓa ganin ya buɗe ƙofa haka ba. Nan da nan aka kawo ƙwaryar kindirmo da fura, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Tsakanin zagi da zagi Arɗo ya zazzage komai. Ya ce daidai inda muka ajiye mota burtali ne, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kakanni. Wancan karon da aka taɓa hanyar zamanin soja, an ɗaga ta sama an haƙa lambatu mai zurfi gefe da gefe, ba wanda ya tambaye su. Maruƙa suka riƙa karyewa a ciki, dole garke ya kewaya ta gonaki, daga nan rigima ta tashi da manoma har aka zubar da jini. Ya taka da ƙafarsa ya nuna mana inda ya kamata a kwantar da hanyar a yi wa shanu matsallaka. Hajiya sai rubutu take, tana gyaɗa kai. Kindirmon ya yi daɗi ƙwarai, amma ni kurɓa biyu na yi na ajiye ludayin.

A mota Hajiya ta ce abin da muka samo a rugar nan ya fi duk awon da aka yi. Ba ta kira suna ba, amma kujerar gaba take kallo. Na yi kamar barci nake.

Washegari ranar kasuwa ce a garin da muka sauka, muka tara manoma da 'yan tireda a gindin wata tsamiya. Nan kam na taka rawa. Na san yadda ake lallaɓa mai unguwa, na san wanda ke magana da yawun wani. Na gano rumfunan masu nama za su shiga cikin hanya, na kuma gano ramin da za a ɗebi jar ƙasa yana dab da makarantar firamare, in ruwa ya cika shi yara ne a ciki. Wani tsoho ya ce shi tun da aka haife shi ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan hanya ba, in wannan ce farar hular to a ƙaro. Na saci kallon Hajiya, sai na ga tana can tana duba kwalbati da direba. Wanda ya zo ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari, Babarbaren ne. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Saura ruga ɗaya kafin iyakar aikin. Tun a hanya na ƙudura cewa ba zan sake zama ɗan kallo ba. Mi ke cikin abin? Riƙe ƙugu ne da ɗaga murya, kuma ni na fi shi Hausa nesa ba kusa ba. Mota ba ta gama tsayawa ba na dire. Wani dattijo ne zaune a kan buzu yana tufka igiya, fari, siriri, gemunsa fari fat, 'ya'yansa na gefe, wata mata ta taho da ƙwarya don tarbar baƙi. Na tsaya a kansa da takalmina, na riƙe ƙugu, na ce ina bayina, a fito mini da shanuna in ƙidaya.

Ba wanda ya yi dariya. Matar ta tsaya cak, ta juya da ƙwaryarta. Ɗaya daga cikin samarin ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Dattijon ya ajiye igiyar a hankali, ya duba fuskata yana neman zane, bai ga komai ba.

"Malam, kai mutumin ina ne?"

Na ce Bakatsine ne, haifaffen Ƙofar Guga.

"To ni da kai babu wasa. Ubana bai yi da ubanka ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga kalmar ƙidaya da na haɗa da ita, wadda ba abin da Bafulatani ya ƙi ji daga bakin mai motar gwamnati kamarta. Ina jin takun Hajiya a bayana ya tsaya. Na buɗe baki ke nan zan ba da haƙuri.

Sai ga ƙamshin turare. Babarbaren ya zo ya kama ni ta wuyan riga, ya ja ni baya kamar ɗan akuya, ya ce wa dattijon ya yi haƙuri, wannan wani bawa ne da ya saya da araha a kasuwar Katsina, bai gama koya masa magana ba, ya ji ubangidansa na yi ne shi ma ya ɗauka. Ya ce laifin nasa ne da ya sake shi ba takunkumi. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, gemunsa ya soma rawa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce ai ko a sayen bawa Babarbare bai iya zaɓe ba. Samarin suka dara, ƙwarya ta dawo. Aka ce in cire takalmi in zauna bayan ubangidana, na cire na zauna. A nan na sha furar, a bayan mutumin da nake ganin na fi shi, kuma shi ya miƙo mini ludayin.

Su ma suna da nasu kukan, a kan wata rijiya da hanyar za ta raba su da ita, Hajiya ta rubuta. Da za mu tafi dattijon ya rako mu har mota. Ya ce wa Hajiya in aiki ya tashi kada a turo musu baƙuwar fuska, a turo bawan Babarbaren nan, tun da sun riga sun san iyakar haukarsa.

Dawowa ba wanda ya tayar da maganar. Direba ne kawai nake gani ta madubi yana cije leɓe. Muka tsaya Hajiya ta sayi man shanu da kwandon ƙwan zabi, ni ko tsarabar yara ban iya saye ba. Da la'asar muka shigo gari, kai tsaye masaukinta. Ba ta ja zance ba. Ta ce da ɗan Maiduguri za su tafi. Ni kuma kamfanin zai bar ni nan Katsina in riƙa zagaya mutanen hanyar idan an fara aiki, tun da har an neme ni da suna. Ta faɗi hakan fuskarta ba alamar dariya, ban sani ba ko da gangan ne. Tafiyata waje ta leƙo ta koma ke nan. Babarbaren ya rungume ni, ya ce in ya sauka zai aiko mini da turare.

Na ga abubuwa a tafiyar nan. Na ga hanya ba kwalta ce kawai ba, akwai ƙafar saniya da rumfar mai nama a cikinta, na kuma ga mutanenmu na da magana a ciki in sun sami wanda za su gaya wa. Na koyi cewa wasa gado ne, wanda bai gada ba ya kama bakinsa. Amma kada ku ce na huce. Ban huce ba, kuma in kun ce hassada ce ban musa ba. Mutumin nan ya cece ni daga sanda, ya ɗauke kujerar da na sa wa rai, kuma ban sami ko abu ɗaya da zan riƙe shi da shi ba. Shi yana can yana neman biza. Ni kuwa da an sauke katafila zan koma rugar nan, in cire takalmi tun daga nesa, in yi sallama. In an tambaya wane ne, na san sunan da zan faɗa kafin a shimfiɗa mini tabarma.